Zare: 'Yan tsanar zumunci na 1927 da masu gyaransu

1/ Tarihin da na kawo muku yau na 'yar tsana ne. E, 'yar tsana dai da kuka sani. Akwai wasu guda 58 da Japan ta aika Amurka a 1927, kuma har a zamaninmu ana ɗaukar wasu daga cikinsu a jirgi a kai su Tokyo don a yi musu gyara. Ku biyo ni a hankali, zaren da ɗan tsawo.

2/ Abin daga ɓacin rai ya taso. A 1924 majalisar Amurka ta yi dokar shige da fice wadda ta rufe wa Japanawa ƙofar zuwa zama a ƙasar, Shugaba Coolidge ya sa hannu. A Japan an ɗauki wannan doka cin fuska ƙarara, zumuncin ƙasashen biyu ya yi tsami.

3/ Akwai wani Ba'amurke, Sidney Gulick, ɗan mishan da ya yi shekaru wajen 25 a Japan, yana jin harshensu. Ya yaƙi dokar bai yi nasara ba. Sai ya ce to, tunda manya sun ƙi ji, bari a koma kan yara. A 1926 ya kafa kwamitin ƙulla zumunci tsakanin yaran duniya.

4/ Gulick ya san cewa ranar 3 ga Maris ta kowace shekara Japanawa na yin bikin 'yan tsana mai suna Hinamatsuri, inda iyali ke jera 'yan tsanar gado don yi wa 'ya'yansu mata fatan alheri. Sai ya nemi yaran Amurka su aika da nasu 'yan tsanar su halarci bikin 1927.

5/ Makarantu da coci-coci da ƙungiyoyin mata suka tashi haiƙan. Aka tara 'yan tsana 12,739. Kowace da sunanta, da tufafin da aka ɗinka mata da hannu, da wasiƙa, har da ɗan fasfo da tikitin jirgin ruwa kamar matafiyi na gaske. Aka rarraba su a makarantun firamare da na renon yara a faɗin Japan.

6/ Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba: yawancinsu ba da roba aka yi su ba. Kai da hannaye na haɗin dusar katako da gam ne, a matse a cikin ma'auni, a shafa fenti. Jiki kuma na yadi ne da aka cusa wa auduga, da wata 'yar na'ura a ciki mai cewa "mama" in an kwantar da ita.

7/ A ɓangaren Japan wanda ya karɓi ragamar shi ne Shibusawa Eiichi, dattijon ɗan kasuwa da aka haifa a 1840, wanda hotonsa ke jikin sabuwar takardar yen 10,000 tun 2024. A al'adarsu ba a karɓar kyauta a yi shiru. Dole a yi tukuici, kuma tukuicin ya zama na fita kunya.

8/ Yaran makaranta fiye da miliyan biyu suka yi karo-karo, kowa da ɗan ƙaramin kwabonsa. Da kuɗin aka sa gwanayen masu sana'a suka yi 'yan tsana 58: guda 47 na lardunan ƙasar, 6 na manyan birane, 4 na yankunan da Japan ke mulka a lokacin, sai ɗaya mai wakiltar ƙasar baki ɗaya.

9/ Kowace tsayinta ya kai santimita 80, kamar yarinya 'yar shekara biyu zuwa uku. Idanu na gilashi, gashi na mutum, kimono na alharini. Aka haɗa musu gara sosai: 'yan akwatuna, madubi, kayan shayi, laima, takalma. Wani daga cikin masu yin su, Hirata Goyo, daga baya a 1955 gwamnati ta ba shi matsayi mafi girma da take ba masu sana'ar hannu.

10/ Sirrin kyansu yana a fata. Akwai wani farin gari da suke kira gofun. Ɓawon wata halittar teku ce dangin katantanwa ake shanyawa shekara da shekaru, a niƙa lukui, a kwaɓa da gam ɗin da aka dafa daga fatar dabba. A shafa, a bari ya bushe, a goge, a sake shafawa, sau da yawa, har fuskar ta yi sheƙi kamar tangaran.

11/ Suka isa San Francisco a Nuwamban 1927, aka zaga da su garuruwa da dama, sannan aka raba su a gidajen tarihi da ɗakunan karatu. Mai wakiltar Japan baki ɗaya ta sauka a Smithsonian da ke Washington. To a wannan zagayen ne aka fara samun matsalar da ta wahalar da masu bincike shekaru da yawa bayan haka.

12/ Masu ɗaure kaya da kwancewa a kowane gari ba sa karanta rubutun Japan. Aka riƙa musanya mazaunin wannan da na waccan, kayan garar wannan su faɗa akwatin waccan. Ƙarshenta da yawa suka zauna a gidan tarihi da sunan lardin da ba nasu ba.

13/ Shekara 14 bayan haka, ranar 7 ga Disamba 1941, Japan ta kai hari Pearl Harbor. A 1943 jarida a Japan ta fito tana kiran 'yan tsanar Amurka kayan abokan gaba. Aka sa yara a makarantu suka soke su da masun gora, aka ƙona wasu, aka jefa wasu a ruwa. Yaran da aka yi kyautar dominsu, ƙannensu aka sa su lalata ta.

14/ Amma wasu malamai sun ƙi. Suka ɓoye 'yan tsanar a saman silin, a bayan kabad, a cikin sito, alhali in an kama su za a kira su maciya amanar ƙasa. A Amurka kuwa an kwashe na Japan an jibge a sito. Wadda aka sani ta ci gaba da zama a bainar jama'a ita ce ta lardin Kagawa, a gidan tarihi na Raleigh da ke North Carolina.

15/ Aka manta da zancen kusan shekara 30. A 1973 tashar NHK ta nuna shiri kan wata mai suna Mary da aka ɓoye a wata firamare a lardin Gunma. Sai makarantu suka shiga bincika sitonsu. Zuwa yau waɗanda aka gano sun ɗan haura 300, cikin 12,739. Na Japan da ke Amurka kuma an san inda fiye da 40 suke cikin 58.

16/ Nan aikin masu gyara ya shigo. Abin da yaƙi ya bari, ajiya ta ci rabonta. Gofun ba ya shiri da busasshiyar iska. Gine-ginen Amurka ana ɗumama su lokacin sanyi, iskar ciki ta bushe ƙayau, abin da ke ƙarƙashin fatar ya motse, fatar ta tsage. Kamar dai yadda hunturu ke fasa mana leɓe da dunduniya.

17/ Ga kuma hannun masu kyakkyawar niyya. Mutum ya ga ƙura a fuska, ya ɗauko jiƙaƙƙen tsumma ya goge. Gam ɗin fata yana narkewa a ruwa, sai ya kwashe fatar da ja-jan kumatu gaba ɗaya. Haka na Amurka ma: danshi na shiga dusar katakon ya kumbura ta, fentin ya yi tsaga-tsaga kamar ƙasar fadama da rani.

18/ Alharini shi ma yana da nasa ciwon. Haske na cinye launinsa, kuma launin da ya tafi ya tafi kenan. Kimonon da ya shekara 40 a gaban taga, gabansa ya koɗe, amma in aka buɗe naɗin sai a ga asalin launin yana nan raɗau. Ƙwari kuma su bi gashi da yadi.

19/ Inda ake yawan kai su gyara shi ne kamfanin Yoshitoku da ke unguwar Asakusabashi a Tokyo, wanda aka kafa tun 1711, kuma yana cikin waɗanda suka jagoranci yin 'yan tsanar a 1927. Wato gidan da ya sallame su shi ke karɓarsu in sun dawo jinya.

20/ Yadda aikin yake: a fara ɗaukar hoto ta kowace fuska kafin a taɓa komai. A tuɓe tufafin a hankali. A share ƙura da busasshen buroshi mai laushi. A cike tsagar da sabon gofun, kaɗan-kaɗan, a jira ya bushe, a daidaita launinsa da tsohon. Aiki ne na watanni, gaggawa ba ta da wuri a ciki.

21/ Me ya sa ba a amfani da gam ɗin zamani mai kamawa nan take? Saboda ƙa'idar masu adana kayan tarihi: kada ka yi gyaran da na bayanka ba zai iya kwancewa ba. Gam ɗin fata ana iya sassauta shi da ɗumi da ɗan danshi ko bayan shekara 50. Na zamani in ya kama, sai dai ya taho da naman abin.

22/ Tuɓe tufafin nan ya tona asirai. A jikin 'yan tsanar akwai takardar da ke nuna wanda ya yi su, a kan kimono kuma akwai tambari. Da aka gwada waɗannan da hotunan da aka ɗauka a 1927 kafin tafiya, aka gane ainihin lardin wasu da dama. Wani masani, Alan Scott Pate, ya yi littafi guda kan wannan a 2016.

23/ Sai tambayar da ni ta fi damuna: gyara har ina? Mai tara kayan da zai gaya maka 'yar tsanar da aka sake wa fenti gaba ɗaya darajarta faɗuwa take a kasuwar gwanjo, ko da ta fi kyau a ido. Ɗan tabon asali ya fi sabon fenti kuɗi. Wannan lissafin kasuwa kenan.

24/ Lissafin tarihi ya fi haka nauyi. 'Yar tsanar da ta kwana shekaru a saman silin, hancinta a goge, rigarta ta koɗe, wannan lalacewar ita ce shaidar cewa wani malami ya sa kansa a haɗari ya ɓoye ta. In ka mayar da ita sabuwa fil, yaron da ya zo kallo me zai gani ya yi tambaya?

25/ A ganina ma'aunin shi ne: a tsayar da ɓarnar da ke ci gaba, a bar wadda ta riga ta zama labari. Tsagar da ke ƙara buɗewa a rufe ta, ƙwari a kore su, gashin da ke zuba a kama shi. Amma koɗewar riga da tabon ɓuya, a rubuta bayaninsu a kati a ajiye kusa da ita.

26/ Ga masu sayen tsofaffin 'yan tsana a gwanjo, darasin a taƙaice: ku gane da me aka yi ta kafin ku kai ta ga ruwa. Ta roba tana jure sabulu mai laushi, ta dusar katako ko gofun ba ta jurewa. Kada ku yar da tufafin asali ko da sun yage. Ku nisanta ta da rana, kada ku ƙulle ta a leda inda danshi zai taru.

27/ Labarin bai tsaya a gyara kaɗai ba. Tun 1986 jikan Gulick, mai suna irin na kakansa, ya ci gaba da aika sababbin 'yan tsana makarantun Japan. Na 1927 kuma, in an gama gyaransu a Tokyo, akan kai su lardinsu a baje wa jama'a, tsofaffin da suka ba da kwabonsu suna yara har sun samu sun sake ganin wasu.

28/ Nan zan dasa aya. Har yanzu akwai kusan goma cikin 58 ɗin da ba a san inda suke ba, kuma lokaci-lokaci akan tsinci wata a sito ko a hannun mai tara kayan da. Wanda ke da tambaya kan gofun ko yadda ake ajiyar irin waɗannan kaya, ya ajiye a ƙasa, zan amsa gwargwadon iko.