Gubar dalma a wurin aiki da yadda take bin ma'aikaci har gida

Dalma, wadda ake kira plomb da Faransanci, ƙarfe ce mai nauyi da ake samu a batirin mota, da wasu nau'o'in fenti, da duwatsun zinariya na wasu yankuna. Masu fasa tsofaffin batura, da masu gyaran lagireto, da masu kankare tsohon fenti, da mahaƙa ma'adinai su ne suka fi fuskantar haɗarinta. Ƙurarta na shiga jiki ta numfashi, ko ta baki idan mutum ya ci abinci ko goro bai wanke hannu ba.

Ga babba, gubar na jawo ciwon ciki, ƙarancin jini, hawan jini da ciwon ƙoda. Ga yaro abin ya fi muni, domin jikinsa na shanye dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke sha, kuma illar da take yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Tana kuma maƙalewa a ƙashi shekara da shekaru, sai mace ta samu ciki ta koma jini ta isa ga jariri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da aka san ba ya cutarwa.

An ga haka a jihar Zamfara a 2010, inda aka riƙa niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, yara aƙalla 400 suka rasu. Kafin nan, tsakanin 2007 da 2008, yara 18 sun mutu a Thiaroye-sur-Mer, kusa da Dakar, sanadiyyar sana'ar fasa batura.

Shi ya sa dokokin aiki ba su tsaya kan ma'aikaci kaɗai ba. A Faransa, wajibi ne ma'aikata ta tanadi ɗakunan canza kaya biyu, ɗaya na kayan gida, ɗaya na kayan aiki, da wurin wanka a tsakaninsu. A Amurka, tun 1978 aka iyakance dalma a iskar wurin aiki zuwa maikrogiram 50 a kowace mita kubik, kuma mai kamfani ne ke da alhakin wanke kayan aikin.

Sai dai garejin bakin hanya ba ya ganin sufeto. Abin da ke hannun mai irin wannan sana'a shi ne ya bar tufafi da takalman aiki a wurin aiki, ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro, ya yayyafa ruwa kafin shara, ya hana yara wasa a wurin. Mutum na iya ɗauke da gubar ba tare da wata alama ba. Gwajin jini ne ke nuna ta.