Binciken da Ya Kayar da Estrojin Shi Ne Ya Gaskata Shi

A shekarar 1941, Fuller Albright, likita a birnin Boston na Amurka, ya bayyana cewa galibin masu zuwa masa da raunin ƙashin baya mata ne da al'adarsu ta ɗauke. Ya ɗora alhakin hakan kan ƙarancin sinadarin estrojin. Jiki kullum yana rushe tsohon ƙashi yana gina sabo, kuma estrojin ne ke taka wa rushewar birki. Da zarar ya ja baya, sai rushewa ta fi gini sauri.

A 1942 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Premarin, estrojin da ake tacewa daga fitsarin goɗiya mai ciki. Kasuwarsa ta buɗe sosai bayan 1966, lokacin da likita Robert Wilson ya tallata shi a littafinsa Feminine Forever tamkar maganin tsufa. A 1975 aka gano cewa shan estrojin shi kaɗai yana ƙara haɗarin sankarar mahaifa, sai likitoci suka fara haɗa shi da projestin domin kare mahaifar.

Babbar girgiza ta zo a Yulin 2002. An dakatar da wani sashe na binciken WHI, mai mata 16,608, saboda ƙaruwar sankarar mama, daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki. Mata da yawa suka watsar da maganin. Abin da tsoro ya binne shi ne cewa wannan binciken ne ya tabbatar da hasashen Albright: karayar ƙashin ƙugu ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ƙarin masu sankarar mama kuwa mata 8 ne cikin kowace 10,000 a shekara. Sannan matsakaicin shekarun matan 63 ne, wato yawancinsu sun daɗe da rabuwa da al'ada.

Da aka sake nazarin alƙaluman bisa shekaru, sai fahimta ta sauya. Ga macen da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, amfanin yakan rinjayi haɗarin, matuƙar ba ta da tarihin sankarar mama ko daskarewar jini. Kariyar kuma tana raguwa idan aka daina sha. Saboda haka tambayar da ke gaban likita a yau ita ce: wace mace, a wane shekaru, kuma har tsawon wane lokaci?