Jikan 'Yar Borno a Sararin Turkiyya

Kwanan nan na karanta tarihin Ahmet Ali Çelikten, wanda aka haifa a Izmir ta Turkiyya a 1883. An ce kakarsa baiwa ce daga Borno. Ya gama makarantar sojan ruwa a 1908, ya shiga koyon tuƙin jirgin sama a 1914, aka tura shi Balin ƙaro ilimi a 1917. Yana cikin baƙaƙen fata na farko da suka tuƙa jirgin soja a duniya. Ya rasu a 1969, cikakken ɗan ƙasa.

Ni kuwa a Sabo ta Ibadan aka haifi 'ya'yana, amma har yau ana tambayarsu yaushe za su koma gida. Allah ya kyauta.