Tai Woffinden: Ɗan Birtaniya Na Farko Da Ya Zama Zakaran Duniya Sau Uku A Tseren Babura Na Speedway

Tai Woffinden ɗan tseren babur ne daga Birtaniya, wanda ya lashe kambin duniya na gasar speedway a shekarun 2013 da 2015 da 2018. Kafin shi, babu ɗan ƙasarsa da ya taɓa cin wannan kambi fiye da sau biyu.

Speedway tsere ne da ake yi a fili mai siffar ƙwai wanda aka shimfiɗa wa ƙasa da tsakuwa. Mahaya huɗu ne ke fita a lokaci guda, su kewaya filin sau huɗu, a gama cikin kimanin minti ɗaya. Babur ɗin ba shi da birki, giya ɗaya gare shi, kuma da sinadarin methanol yake tafiya maimakon fetur. Idan mahayi ya iso kwana, sai ya karkatar da babur ya bar tayar baya ta zame, ƙafarsa ta hagu tana jan ƙasa. Na farko yakan samu maki uku, na biyu maki biyu, na uku maki ɗaya, na ƙarshe kuwa ya tashi a tutar babu.

An haifi Woffinden ranar 10 ga Agusta, 1990 a garin Scunthorpe na Ingila, amma ya girma a birnin Perth na Ostareliya. Gado ya yi, domin mahaifinsa, Rob Woffinden, shi ma ɗan tseren speedway ne. Ya fara fafatawa a Ingila a 2006 tare da ƙungiyar garinsu, daga nan ya koma Rye House, sannan Wolverhampton. Ya kuma shafe shekaru masu yawa yana yi wa ƙungiyar Wrocław wasa a Poland, ƙasar da ta fi kowace son wannan tsere.

Shigarsa ta farko jerin gasannin Grand Prix, inda ake tara maki a fitar da zakaran duniya, ta zo a mummunan lokaci. Mahaifinsa ya rasu a farkon 2010 bayan fama da cutar daji, matashin ya ƙare kakar a matsayi na 14, ya kuma rasa gurbinsa.

Sai a 2013 aka sake ba shi dama, kuma ba a sa shi cikin waɗanda ake tsammanin za su yi nasara ba. A kakar ce ƙashin wuyansa ya karye har sau biyu, a Cardiff da kuma Stockholm, amma ya ci gaba da hawa. A birnin Toruń na Poland ya tabbatar da kambin yana ɗan shekara 23, ya zama ɗan Birtaniya na farko da ya ci shi tun bayan Mark Loram a shekarar 2000. Kambinsa na uku, wanda ya samu bayan ya sha gaban Bartosz Zmarzlik na Poland, shi ya ɗaga shi sama da Freddie Williams da Peter Craven, masu kambi biyu-biyu. Ya zo na biyu a 2016 da 2020.

Yana cikin tawagar Birtaniya da ta ci gasar ƙasashe a Manchester a 2021, karon farko tun 1989, ko da yake hatsari ya fitar da shi tun a ranar farko, Dan Bewley ya maye gurbinsa.

Hatsari mafi muni a rayuwarsa ya auku ne ranar 30 ga Maris, 2025 a garin Krosno na Poland, yayin da yake yi wa ƙungiyar Rzeszów wasa. Ya samu karaya a wurare da dama, aka ɗauke shi a jirgi mai saukar ungulu zuwa asibiti, likitoci suka sa shi cikin dogon suma na kwanaki domin ceto ransa. Ya farfaɗo a watan Afrilu, ya shiga jinya da atisayen dawo da ƙarfin gaɓoɓi.