Bulimiya: cutar ci da amayarwa da ke ɓuya a cikin gida

Bulimiya, wadda ake kira « boulimie » da Faransanci, lalura ce da ta shafi tunani da yadda mutum ke mu'amala da abinci. Sunan ya fito daga Girkanci, ma'anarsa "yunwar sa". Likitan ƙwaƙwalwa ɗan Birtaniya, Gerald Russell, shi ne ya fara bayyana ta a matsayin cuta mai zaman kanta a shekarar 1979.

Yadda take kama mutum

Mai bulimiya kan ci abinci mai yawan gaske cikin ɗan lokaci, yana jin ba zai iya dakatawa ba. Daga nan sai kunya da tsoron ƙiba su rufe shi, ya nemi fitar da abin da ya ci: ya sa yatsa a maƙogwaro ya yi amai, ko ya sha maganin wankin ciki, ko ya ƙaurace wa abinci, ko ya wahalar da kansa da motsa jiki. Ta fi kama 'yan mata daga lokacin balaga, amma maza ma ba su tsira ba.

Abin da ke ɓoye ta shi ne, jikin mai ita yawanci ba ya ramewa. Takan zauna a ci tuwo da ita kamar kowa, sauran kuwa a ɓoye take yi. Gimbiya Diana ta Ingila ta yi shekaru tana fama da cutar kafin ta bayyana hakan a hirarta da BBC a 1995.

Alamu da haɗari

Iyaye su lura da yawan shiga bayi da zarar an gama cin abinci, da zaizayewar haƙora, da kumburin kumatu, da tabo a bayan yatsu. Yawan amai na rage sinadarin fotashiyam a jini, abin da kan rikita bugun zuciya har ya kai ga rasa rai.

Magani

Bulimiya ba haɗama ba ce, kuma faɗa ko gori ƙara ɓoye ta suke yi. Ana warkewa. Babban magani shi ne zaman tattaunawa da ƙwararren masanin halayyar ɗan Adam, wani lokaci a haɗa da maganin fluoxetine bisa umarnin likita. Wanda ya ga jini a amansa, ko ya suma, a garzaya da shi asibiti nan take.