Gidan Gonar da Ba Gidan Gona Ba Ne

Yau ba zancen kasuwa ko na unguwa zan yi ba. Labarin wani gini ne da na shiga a Sikotilan, lokacin da na je ganin ɗana da ke karatu can, kuma har yau abin bai bar raina ba.

Wurin yana Troywood, kusa da garin Anstruther a yankin Fife. Daga waje ɗan gida ne irin na manoma, ba abin da zai sa ka waiwaya. Da ka shiga sai ka bi wani dogon rami mai gangarawa, ka wuce ƙofofin ƙarfe masu kauri, ka tsinci kanka a gini mai hawa biyu, wajen ƙafa 100 a ƙarƙashin ƙasa.

Asalinsa tsoro ne. A 1949 Tarayyar Sobiyet ta gwada bam ɗin nukiliyarta na farko, Birtaniya kuwa radar ɗin da ta gada daga Yaƙin Duniya na Biyu ta tsufa. Sai ta ɓullo da shirin da ta kira ROTOR, aka haƙa tashoshi a gaɓar gabas, aka rufe su da kankare. A nan mayaƙan sama ke zama dare da rana suna duban allo, da an hango jirgin da ba a san shi ba su tura nasu ya tare shi.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne gajertar aikin. Kafin shekarun 1950 su ƙare, sabuwar radar mai suna Type 80 ta fito, tana gani nesa sosai, tasha ɗaya ta ɗauke aikin tashoshi da yawa. Duk wannan kuɗin da aka binne, aikin da aka gina wurin dominsa bai kai shekara goma ba.

Ba a yar da shi ba dai. An mayar da shi mafakar da manyan jami'ai za su mulki Sikotilan in yaƙin nukiliya ya ɓarke, da ɗakunan kwana, da ɗakin watsa labarai na BBC. Mutum kusan 300 aka yi wa tanadi. Na daɗe tsaye a gaban gadajen nan, ina tunanin manoman da ke noma a samansu, waɗanda ba su cikin lissafin.

A 1994 aka buɗe shi ga jama'a. Ni ma tikiti na saya na shiga.