Asalin Kyandiran Jiran Kirsimeti a Gidan Yara na Hamburg

A ƙasar Jamus, da wuya a shiga gidan Kirista a watan Disamba ba a tarar da kewayayyen ganye mai kyandira huɗu a kan tebur ba. Ana kunna ɗaya kowace Lahadi har Kirsimeti ta zo. Wannan al'ada ta samo asali ne daga wani gidan renon yara marasa galihu.

A shekarar 1833, wani malamin addinin Kirista mai suna Johann Hinrich Wichern (1808–1881) ya buɗe gidan da ake kira Rauhes Haus a ƙauyen Horn, kusa da birnin Hamburg. Yaran da ya tattara sun fito ne daga unguwannin talakawa na birnin: wasu marayu ne, wasu kuma iyayensu na raye amma talauci ya hana su riƙe su. A wancan zamani, akan cusa irin waɗannan yara a manyan gine-gine masu kama da kurkuku. Wichern ya ɗauki wata hanya dabam. Ya raba su rukuni-rukuni, kimanin goma sha biyu a ƙaramin gida guda, tare da babban mutum da suke kira “ɗan'uwa”. Suna cin abinci tare, suna koyon karatu da sana'o'i kamar kafinta da ɗinki.

Idan biki ya gabato, yaron da ke nesa da iyayensa ya fi kowa jin kaɗaici. An ruwaito cewa yaran sun dami Wichern da tambayar yaushe Kirsimeti za ta zo. A shekarar 1839 ya samo tsohuwar ƙafar amalanke ta katako, ya kafa mata kyandira: manya farare guda huɗu domin ranakun Lahadi, da ƙanana jajaye domin sauran ranaku. Kowace rana sai a kunna ƙarin ɗaya a ɗakin addu'a. Ta haka yaro kan ƙirga da idonsa kwanakin da suka rage, ya kuma koyi lissafi. Muhimmancin wannan a bayyane yake, domin yaron da aka sha saɓa wa alkawari ya samu wanda ake cika masa kullum.

Wajen shekarar 1860 aka fara yi wa ƙafar ado da korayen rassan itace. Da al'adar ta shiga gidajen iyalai, sai aka rage kyandiran zuwa huɗu, tun da falo ba zai ɗauki ƙafar amalanke ba. A 1925 aka rataya irinta a wata majami'ar Katolika a birnin Kolon.

Tsarin ƙananan gidaje na Wichern shi ma ya ƙetare iyaka, inda gidan gyaran tarbiyyar yara na Mettray a Faransa ya kwaikwaye shi. Rauhes Haus yana nan har yau yana kula da yara da matasa, kuma duk shekara ana kunna kyandira ɗaya bayan ɗaya a can, kamar yadda aka fara a 1839.